Yadda Ake Tsara Girkin Mako Mai Gina Jiki a Legas, Daga Cefane Zuwa Faranti

Shekarata goma sha tara ina girki a Agege. An kawo ni daga Funtuwa ina amarya, na iske gari mai tsada, ɗaki ɗaya, da kasuwar da ban san sunan rabin kayanta ba. A shekarun farko abin da na sa a gaba shi ne kowa ya ƙoshi, kuma kowa yana ƙoshi. Sai da yarona na biyu ya kai shekara uku ya fara yawan kwanciya alhali 'yan'uwansa na guje-guje a tsakar gida, tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari fat. Muka je asibiti aka auna, aka ce jininsa ya yi ƙasa. Nas ta sa na lissafa mata abin da yake ci: shayi da burodi da safe, taliyar leda da rana, teba ko shinkafa da dare da miyar tumatir da yankan ganda. Ta ce cikinsa nake cikawa, amma abin da jiki zai yi jini da shi babu ko ɗaya a ciki. Tun daga ranar na canza yadda nake cefane, kuma kuɗin da nake kashewa bai wani ƙaru ba. Inda nake sa kuɗin ne ya canza.

Wannan bayani naki ne, ƙanwata, ke da kika zo Ikko kwanan nan aka damƙa miki kuɗin cefane. Lissafin na gidan mutum shida ne, manya biyu da yara huɗu. Ki rage ko ki ƙara daidai gidanki.

Abin da za ki riƙe a kai kafin ki ɗora tukunya

Masana sun kasa abin da jiki ke nema gida shida. Akwai masu ba da ƙarfi, wato sitaci: shinkafa, gero, dawa, masara, doya, rogo, burodi. Akwai furotin mai gina tsoka da jini da girman yaro: wake, waken soya, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama, nono. Akwai mai. Akwai bitamin, akwai ma'adinai irin su sinadarin ƙarfe na jini, kalsiyum na ƙashi da aidin na kwakwalwa, sai ruwa. A kan waɗannan ki ƙara dusar hatsi da harzar ganye, su ke sa bayan gida ya yi sauƙi.

Ba za ki tsaya kina lissafin wannan a gaban murhu ba. Ni tambaya huɗu nake yi wa kowane girki: ina mai ba da ƙarfi, ina mai gina jiki, ina ganye ko ɗan itace, ina ɗan mai. In biyu sun ɓace, girkin bai cika ba ko da tukunya ta yi tozo.

Kayan aiki da kayan haɗi

Tukunya biyu masu murfi mai kamawa sosai, ɗaya ta tuwo ko shinkafa, ɗaya ta miya. Cokalin shayi guda ɗaya da za ki ware don awon gishiri da sukari kawai. Ludayi, kwando na tsane ganye, wuƙa mai kaifi, turmi ko injin markaɗe, da robobi ko kwalabe masu murfi don ajiye wake, gyaɗa da garin miya. Sai ƙaramin littafi da biro. Firji yana taimakawa, amma rabin shekarun nan ba ni da shi, kuma zan gaya miki yadda ake yi ba tare da shi ba.

Kayan da ba sa yankewa a ɗakina: wake, gero ko dawa, shinkafa, gyaɗa, waken soya, manja, man gyaɗa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale, kirafish, bandar kifi, albasa, da gishirin leda mai aidin. Ɗanyen kaya kuma, ganye da tumatir da 'ya'yan itace, sau biyu a mako nake sayensu kaɗan-kaɗan.

Ki sani a nan ba a awo da mudu ko tiya. Da ɗerika ake yi, wani gwangwanin tumatir babba, sai robar fenti ga mai sayen da yawa. Ki sami ɗerika ɗaya ki ajiye a gida don ki san abin da kike zubawa.

1. Rubuta abin da kuka ci a makon jiya

Kada ki fara da kasuwa. Ki zauna ki rubuta safe, rana da dare na kwana bakwai da suka wuce, ba ƙari ba ragi. Sannan ki ja layi ƙarƙashin duk inda aka ci wake, ƙwai, kifi, nama ko nono, ki zagaye duk inda aka ci ganye ko ɗan itace. Yawancin gidajenmu za su ga karin kumallo fayau, babu layi babu zagaye. To nan ne gyara zai fara.

Sai ki tsara sabon mako a shafi na gaba. Ƙa'idata: wake ya fito aƙalla sau huɗu ta kowace siga, ƙosai, alale, ɗanwake, shinkafa da wake ko faten wake. Miyar ganye kullum sau ɗaya. Kifi sau biyu ko uku. Hanta ko kayan ciki sau ɗaya. Teba kada ta wuce sau biyu, kuma duk ranar da za a ci ta miyar ta zama mai nauyi.

2. Ki ware kuɗin furotin tun kafin ki fita

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a fara sayen shinkafa, gari, mai da magi, abin da ya rage a sayi nama da shi. Abin da ke ragewa kuwa ganda kawai yake iya saya. Ki juya lamarin: kuɗin wake, ƙwai, kifi da gyaɗa ki fara ƙullewa daban.

Ga lissafin a taƙaice. Babban mutum yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 yana neman wajen giram 48 a rana. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Kofi ɗaya na dafaffen wake wajen giram 13. Yankan kifi mai faɗin tafin hannu wajen giram 20. Gyaɗa cikin hannu ɗaya wajen giram 7. Gero da dawa da shinkafa ma suna ƙara nasu kaɗan. Garin rogo kuwa kusan babu komai, bai kai giram 2 a cikin 100 ba, shi ya sa gidan da ya dogara da teba da kwaki yaransa ke fara nuna alama.

Ganda kuma ki ɗauke ta abin taunawa don marmari. Furotin ɗinta ba cikakke ba ne, ba ta da sinadarin jini, kuma akwai wadda ake babbakewa da taya. Kuɗin ganda huɗu ki sayi ƙwai ko kifin shawa da shi.

3. Shiga kasuwa

In za ki yi babban cefane, kasuwar Mile 12 ce uwa. Nan motoci ke sauke tumatir, attaruhu, tattasai, albasa da karas daga Arewa, kuma da Hausa za ki yi ciniki da yawancin masu kayan gwari. Ki yi sammako kafin rana ta doki kaya. Ki guji safiyar Alhamis, don kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe 10 saboda sharar mako. Kwando ɗaya ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu da maƙwabta ku raba. Nama da kayan ciki mun fi samu da sauƙi a mayankar Oko-Oba da ke nan Agege.

Ganye ba sai kin jira na gida ba. Abin da Yarbawa ke kira efo tete alayyahu ne. Ewedu shi ne ayoyo ko lalo. Iru daddawa ce, egusi agushi ne. Ugu kuwa ki saba da shi, ganye ne mai kauri da ba ya narkewa a miya. Ki zaɓi mai duhun kore, wanda bai yi laushi ba.

Wake: ki damƙa ki shinshina. In kin ji warin maganin ƙwari, ko kin ga farin gari a hannunki, ki ajiye ki wuce. Maganar nan ba wasa ba ce, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ake samu a jikinsa. Ni in na ga ɗan ƙwaro ɗaya ko biyu na yawo a buhu hankalina ya fi kwanciya da wanda ya yi tsit.

Gyaɗa da masara: duk wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane ko ta yi funfuna, ki zubar. Funfunar tana haifar da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Haka fasasshen tumatir mai arha da ake tarawa a gefe: wanda ya fashe yau kawai za ki iya wankewa ki dafa nan take, amma wanda ya yi farin gashi ko tsami kada arha ta ruɗe ki.

Kifi: taitus, kote da shawa duk masu mai ne, irin man da ke amfanar zuciya da kwakwalwa, kuma shawa ta fi su sauƙin kuɗi. Ki duba ido ya zama garau, jiki ya yi tauri. Ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya, da kirafish, su ne kalsiyum ɗin talaka.

Gishiri da mai: ki sayi gishirin leda da aka rubuta yana da aidin. Tun shekarun 1990 doka ta wajabta sa aidin a gishiri a ƙasar nan, saboda rashinsa ke kawo maƙoƙo da dakushewar kwakwalwar yaro. Man girki, sukari da fulawa kuma an wajabta ƙara musu bitamin A tun 2002, za ki ga tambarin ido a jikin kayan tare da lambar NAFDAC. Man da ake aunawa a kwalba daga durum ba ki da tabbacin abin da ke ciki.

'Ya'yan itace ki bi lokacinsu: mangwaro da agbalumo, wato agwaluma, a nasu watanni, lemo, gwanda, kankana da ayaba kusan ko yaushe. Ayaba ko mangwaro da ya yi jawur a waje amma ciki da tauri ba daɗi, mai yiwuwa da sinadarin kabaid aka nuna shi. Ki sayi ɗanye ya nuna a gida.

4. Ki gyara kaya a ranar da kika dawo

Danshin Legas ba irin na gida ba ne. Abin da zai yi wata shida lafiya a Katsina, a nan mako uku ya ishe shi yin funfuna, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. Saboda haka kada ki sayi gyaɗa, kuka ko agushi fiye da na wata ɗaya. Ki soya gyaɗa sama-sama, ta huce, ki rufe a kwalba. Wake ki shanya in akwai rana, ki zuba a roba mai murfi da busasshen barkono a ciki. Kada buhu ya taɓa siminti.

Kayan miya ki markaɗa, ki tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri. In da firiza ki raba a ƙananan robobi, na kowace rana daban, don kada ki riƙa narkarwa kina mayarwa. In babu, ko wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki zuba a kwalba mai tsabta ki rufe samansa da mai, ki ƙarar cikin kwana biyu zuwa uku kina tafasawa. Kifi ki soya ko ki banda a ranar. Ganye kada ki yanka sai za ki dafa. Ki naɗe a takarda ko tsumma mai ɗan laima, ki ajiye a inuwa.

5. Hatsi da wake su tafi tare

Furotin ɗin hatsi yana da gibi, na wake ma yana da nasa, amma abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi. Iyayenmu ba su karanta wannan ba, amma dubi abincinsu: koko da ƙosai, shinkafa da wake, tuwon dawa da miyar wake, kunun gyaɗa da shinkafa. A nan ma burodin Agege da ewa agoyin, wato dafaffen wake mai laushi da miyar barkono, haɗi ne mai kyau, in dai waken ya fi burodin yawa. Ga gidana nakan dafa shinkafa ɗerika ɗaya da wake rabin ɗerika ko fiye.

Ki jiƙa wake tun dare, ki zubar da ruwan, ki ɗauraye. Zai rage kumburin ciki, ya rage abin da ke hana jiki tsotsar sinadarin jini, kuma ya rage miki gas. Wannan ne ya raba ni da kanwa. Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri amma tana kashe bitamin B1, kuma ita kanta tana ƙara gishiri a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. In kin haihu a nan aka turo miki kanwa daga gida, ki karɓa da godiya, amma ki yi shawara da likita kafin ki sha.

Shinkafa kada ki wanke ta sau biyar, kuma kada ki tafasa ki zubar da ruwa ki sake sabo, bitamin ɗin ke bin ruwan. Ki auna ruwan da za ta shanye. Shinkafar gida da aka turara, da ta Ofada, sun fi fara tas amfani. Gero da dawa kuma ki rage surfe, don alherin yana jikin dusar.

6. Miya ita ce abincin

Nan nake so ki fi mai da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kuma doya, rogo da dankali ba sa cikin lissafin. A gidan mutum shida wannan ya kusa kilo biyu kullum. Ƙulli ɗaya na alayyahu a tukunyar ruwa ba zai kai ko'ina ba.

Ga yadda nake miyar ganye. Na zuba manja ludayi ɗaya, ya narke kawai, na sa albasa. Kada ki bari ya yi hayaƙi har ya koma fari. Jan nan da kike gani shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi da ƙarfafa yaro a kan cuta, kuma ƙona shi yana kashe shi. Sai markaɗaɗɗen kayan miya, daddawa, dakakken kirafish, kifi, da gyaɗa ko agushi don kauri. Su dahu sosai. Ganye shi ne na ƙarshe: ki wanke shi tukuna sannan ki yanka, ba ki yanka ki wanke ba. Ki zuba, ki juya, ki rufe minti uku zuwa biyar, ki sauke yana kore shar. Na ga mata suna murje ugu ko alayyahu da gishiri su matse koren ruwan su zubar a kwata. Abin da aka zubar ɗin shi ne abin da aka saya. Shuwaka da rama ne kawai ke bukatar a rage musu ɗaci ko tsami.

Kada ki ji tsoron ɗan mai a miyar ganye, bitamin A, D, E da K sai da mai jiki ke ɗaukarsu. Amma miyar da mai ke iyo a samanta ɓarna ce ga aljihu da jiki. Man da aka yi suya da shi har ya yi baƙi kuma ki zubar.

Gishiri: ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a rana ga babba, kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na burodi, na taliyar leda da na magi. Ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mai jefa shida a tukunya sannan ta ƙara gishiri tana kiran hawan jini ne da hannunta. Ki rage ɗaya-ɗaya kowane mako kina ƙara daddawa, kirafish, citta da tafarnuwa. Maigidana bai lura ba sai da na sauko daga biyar zuwa biyu.

In tumatir ya yi tsada, kamar yadda yake yi da damina, ki koma kabewa, karas da tattasai, ko kauɗar tumatir. In ɗanyen ganye ya gagara, kuka da busasshen zogale suna nan. Cokali biyu na garin zogale a miyar kuka ko a faten wake ba ya canza ɗanɗano sosai.

7. Zuba abinci

Ki kalli faranti kamar an raba shi huɗu. Kashi biyu ganye ko miya mai kauri, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa, kashi ɗaya wake, kifi ko nama. A aikace ma'anarsa malmala ta ragu, miya ta ƙaru. Mai aikin ƙarfi, kamar mai dako ko lebura, a ƙara masa tuwo. Mai zaman shago da mai ciwon suga a rage.

Akwai al'adar da nake roƙon ki sassauta: tsoka ta tafi kwanon maigida, yara su samu romo. Yaro mai girma da mace mai ciki ko shayarwa sun fi kowa bukata. Mace mai haila tana bukatar sinadarin ƙarfe fiye da ninki biyu na namiji, wajen miligiram 18 a rana, shi kuwa 8. Ki yi wa yaro ƙarami kwanonsa daban don ki ga abin da ya ci da idonki.

Shayi kuma kada a sha shi tare da abinci. Ganyen shayi yana riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya hana jiki ɗauka. A ba da tazarar awa ɗaya. Abin da ya kamata ya biyo bayan wake shi ne lemo, gwaiba, gwanda ko ɗanyen tumatir, saboda bitamin C yana taimaka wa jiki tsotsar sinadarin. Wannan ƙaramin canjin, tare da hanta sau ɗaya a mako da maganin da aka rubuta masa, shi ya dawo da jinin yarona.

8. Jariri da mai ciki

Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a bayarwa. Daga nan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Koko tsararo ba ya riƙe yaro. Ki yi garin kunun da ake kira Tom Brown: awo shida na hatsi, gero da dawa da masara a gauraye, awo uku na waken soya, awo ɗaya na gyaɗa. Waken soya ki jiƙa shi kwana ɗaya, ki murje ɓawon, ki busar, ki soya har ya yi ƙamshi ya yi ruwan ƙasa. Ɗanyensa yana ɓata ciki. In rana ta ƙi fitowa, ki busar da shi a kasko a wuta kaɗan-kaɗan. Ki soya sauran kowanne daban, ki haɗa a niƙa, ki tankaɗe. A injin unguwa ki sa a wanke ko a fara zuba ɗan hatsi ya share barkonon da aka niƙa kafin naki. Ki dama ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, ki bar shi ya tafasa sosai. A hankali ki ƙara dafaffen ƙwai, dakakken kifi mara ƙaya, kabewa, gwanda. Zuma kada ta shiga bakin yaro sai ya cika shekara.

Mai ciki ta je awo ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid da ake bayarwa, abinci kaɗai ba ya cika wannan gibin. Hanta kuwa ta ci kaɗan ko ta bari, bitamin A ɗinta ya yi wa ɗan tayi yawa. Nonon da za a sha da fura a tabbatar an tafasa shi kafin ya kwana. Kuma masu zaman ɗaki a gidajen haya marasa taga su riƙa fitowa tsakar gida da yara da hantsi, daga rana fata ke samun bitamin D.

9. Ruwa, abin sha, da mai wuni a waje

Zafin Legas da gumi yake tafe. Babba ya sha wajen lita biyu ko fiye, alamar ya isa ita ce fitsari ya yi haske. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ki tafasa, ki tuna kwalarar da ta ɓarke a garin nan a 2024. Ganyen da za a ci ɗanye, kamar latas da kabeji, da ruwa mai tsabta za a wanke.

Sukari kada ya wuce giram 50 a rana, cokalin shayi goma sha biyu, ƙasa da haka ya fi. Lemon kwalba ɗaya mai santilita 50 yana iya cinye wannan duka. Ki yi zoɓo da abarba, ko kunun aya da dabino.

Maigidan da ke fita da asuba ya dawo bayan isha saboda cunkoson hanya, abin da zai samu a titi burodi ne da lemon kwalba. Ki ƙulla masa dafaffen ƙwai, gyaɗa, ayaba ko alale a kula, da gorar ruwa.

10. In wata ya yi nisa, da yadda za ki duba ko tsarin na aiki

Kwanakin ƙarshen wata nakan koma kan wake, gero, kuka, manja da kirafish. Faten wake da alayyahu da manja ya amsa tambayoyin nan huɗu a tukunya ɗaya. Ɗanwake da ƙwai da ɗanyen tumatir haka. In kwaki za a sha, a sa ƙuli-ƙuli ko gyaɗa da yawa. Waken soya ɗerika ɗaya, in kika yi awara da ruwan tsami ko ruwan tsamiya, zai maye miki nama na kwana biyu. Akwai abin da tsiro ba ya bayarwa, bitamin B12, don haka ko yaya aka matsu ƙwai, ɗan kifi ko nono ya shiga sau biyu zuwa uku a mako.

Bayan wata ɗaya ki sake buɗe littafinki ki ƙirga layuka da zagaye. Ki ja fatar idon yara ƙasa ki duba cikinta, ja ake so ba fari ba. Ki kai 'yan ƙasa da shekara biyar awon nauyi a asibitin unguwa da katinsu, ki tambayi maganin tsutsar ciki da ɗigon bitamin A da ake ba su duk wata shida. In kika ga ƙafar yaro ta kumbura, gashinsa ya yi ja yana zubewa, ko nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere, wannan ya wuce gyaran kicin, ki ɗauke shi zuwa asibiti a ranar.